Manjagarar Sarkin Ruwan Buta

Duk garin da Allah ya so da rahama, sai ya ajiye masa mutum guda wanda ya san komai, don sauran jama'a su huta da tunani. A Katsina rabon nan mutanen Ƙofar Guga ya faɗo wa, domin a cikinsu Alhaji Sammani yake, wanda masu ladabi ke kira Injiniya. Gaskiya ne bai taɓa taka makarantar injiniyoyi ba, amma wannan asarar makarantar ce. Da awon tsofaffin ƙarafa ya faro, ya koma sayar da rodi, har wata rana ya kai kaya wurin wani gini, ɗan kwangila ya ara masa hular kwano kada bulo ya faɗo masa a ka. Aka yi sa'a akwai mai hoto a kusa. Hoton na nan rataye a falonsa, ya fi na mahaifinsa girma. Tun daga ranar, wanda duk ya kira shi Alhaji zalla sai ya sake sallama.

Mutum ne mai kyan gani daga nesa. Tumbi ya yi gaba, ƙeya ta yi baya, shadda na ƙara kamar ana taka busasshen ganye. In ka gaishe shi da hanci yake amsawa, saboda bakin an keɓe shi don jawabi. Ba a taɓa jin wanda ya kai ƙarshen zancensa a gaban Injiniya ba. Kana buɗe baki ya riga ya san abin da za ka ce, ya gano kuskuren da ke ciki, ya kuma yafe maka.

Iliminsa na ruwa shi ya fi ba mutane tsoro. Shekarar da ya je Makka an ba shi kujerar taga, ya leƙa ya hango teku daga sama, ya dawo ya fi kowane masunci sanin halin kifi. A majalisar ƙofar masallaci ya sha yi wa dattawa bayanin yadda tarwaɗa ke tunani. Sai dai a nan ƙasa, ruwan da ya taɓa jikinsa bai wuce na wanka da na alwala ba, ko kwata zai tsallaka sai ya tattare riga ya yi bisimilla. Shi ya sa 'yan unguwa, don tsabar girmamawa, suka naɗa shi Sarkin Ruwan Buta. Ba su faɗa a gabansa, kada nauyin godiya ya yi masa yawa.

Bayan gidansa akwai wani tsohon kududdufi, irin waɗanda kakanni suka bari wajen ɗibar ƙasar gini. Kududdufin ya girmi gidan, ya girmi mai gidan, amma a ganin Injiniya shi ne baƙon. In damina ta ja baya ya cika ya batse, sai kainuwa ta rufe shi ruf, kore shar, ka rantse filin ƙwallo ne. A ƙarƙashinta tarwaɗa da karfasa ne sun yi ɓul-ɓul, amma ba ta inda mutum zai jefa ƙugiya. Kainuwa dashen Allah ce, ba wanda ya shuka ta, ba ta kuma neman izinin kowa.

Masu fama da ita su Tanko ne, mutanen ƙauyukan kewaye da suka shigo birni neman na tuwo. Wannan lebura, wancan ɗan acaɓa, wani mai turin baro. Kowa da 'yar manjagarar da ya haɗa da hannunsa: guntun katako a kafa masa manyan ƙusoshi, a ɗaura masa dutse don ya nutse, a zura igiya, shi ke nan. Wani ma kawunan tsofaffin manjagara biyu ya haɗa baya da baya ya ɗaure da waya. Mutum ya tsaya a gaɓa ya wurga, ya bari ta zauna, ya jawo a hankali, ciyawa ta biyo. Haka zai yi ta yi har ya buɗe fili kamar shimfiɗar tabarma biyu. Wannan fili shi ake kira gurbi, kuma ƙa'idar wurin tun kaka da kakanni ita ce, wanda ya share gurbi nasa ne har ruwa ya janye, ko ɗan wane ne kai ba ka isa ka jefa ƙugiya a ciki ba. Da yamma in an tashi daga aiki sai kowa ya zauna bakin nasa. Ba arziki ake yi ba. Amma a gidan Tanko, in ka ga miya da maiƙo a wannan lokaci, daga gurbin nan ne. Ranar da leburanci ya ƙi kuwa, kifin shi ne abincin gidan gaba ɗaya.

Wannan shi ne abin da ya hana Injiniya sakat. Ya zuba dukiya ya ɗora bene, ya fitar da baranda don ya riƙa shan iska yana kallon ruwa kamar manyan mutane, sai ya leƙo ya tarar da ƙeyar ƙauyawa a jere. Abin haushi, har dariya suke yi. Ga kuma wani ciwon da ya fi wannan cin rai. Abokan tasowarsa duk sun sami abin liƙawa a gaban suna, wannan shugaban 'yan kasuwa, wancan uban ƙungiya, shi kuwa daga Injiniyan da ya ba kansa sai sarautar butar da bai san da ita ba.

Ana nan sai wata rana a majalisa ya ji ana zancen ƙa'idar gurbi. Nan take dabara ta faɗo masa, irin wadda ba ta faɗo wa kowa sai zaɓaɓɓu. In wanda ya share tabarma biyu ya mallaki tabarma biyu, to wanda ya share kududdufin kaf fa? Ya lumshe ido. Ya ga katanga, ya ga ƙofar ƙarfe, ya ga allo ɗauke da sunansa da Sarkin Ruwa a ƙasa, ya ga su Tanko suna leƙe ta kafar makulli. Bai taɓa ganin abu mai kyau irin wannan ba, har da tekun.

Washegari ya dira rumfar Iro mai walda. Ya sa aka kwaso bututu mai kaurin cinya da rodin da ya yi kwantai a shago, ya zana fasalin abin a ƙasa da makullin mota. Da ya ɗago ya ga 'yan kallo sun tsaya, sai ya gyara tsayuwa, don shi a wurinsa duk inda kunnuwa suka wuce biyu taro ne.

“Abin da ke damun ƙasar ga,” in ji shi, “ƙaramin tunani ne. Mutum shi ɗauko katako da ƙusa shi ce wai ya yi manjagara. Wannan ai matajin kai ne! Ni abin da za ni ƙera, ba a taɓa ganin irinshi ba daga nan har bakin teku, kuma tekun ga da idona na gan shi, ba labari aka ba ni ba. Turawa da kansu in sun ji, sai sun aiko a auna masu. Iro, ƙara haƙori.”

Iro mutum ne mai bin umarni. Aka ce ƙara haƙori, ya ƙara. Aka ce ƙara faɗi, ya ƙara. Da aka gama, abar ta fi ƙofar gareji faɗi, kowane haƙori ya kai kamu guda, kuma sai da ƙarti suka taru suna nishi kafin ta rabu da ƙasa. Aka shafe ta da koren fenti, haƙoran aka yi musu ruwan gwal, aka rubuta sunan mai ita a jiki da manyan baƙaƙe, ba a manta da Injiniyan ba. Ya raɗa mata suna Gagarau. Har ya so a yanka rago, sai maiɗakinsa Hajiya Iklima ta ce in dai ragon da take kiwo yake wa kallon nan, to Gagarau ta zauna ba suna.

Labari ya kai bakin kududdufi, dariya ta ɗauke. Wanda duk ya ga Gagarau ya san wauta ce, amma wauta ce mai haƙora. In ta shiga ruwan nan yini guda, ba sauran inda za a ce na wane ne, ga shi bana ba a ma fara shara ba, balle wani ya ce ya riga ta. Tanko, da yake shi ne babba a cikinsu, ya sa rigarsa ta Juma'a ya nufi gidan. Ya durƙusa a zaure, ya jero gaisuwa tun daga kwana har gajiya har iyali har sanyin damina, ana amsa masa da hanci. Sannan ya fara.

“Ranka shi daɗe, roƙon arziki muka zo. Ko da gefen can na wajen juji ne a bar mamu, saboda ɗiyanmu…”

“Na gane, na gane,” Injiniya ya tare shi. “Tsoron ci gaba ne, kuma ba laifinku ba ne, haka kuka taso. Ku kun ɗauka kifi abinci ne. Kifi masana'anta ne! Wurin ga za shi koma inda baƙi za su riƙa tasowa daga Abuja don kallo. Ba ni bar maku ko taku ɗaya, don in na bar maku na cuce ku, kun dawwama ke nan cikin duhu. Amma ni ba azzalumi ba ne. Ranar buɗewa ku za ku ja mani igiya, ku da kanku, don jikokinku su samu abin faɗi. Akwai shinkafa, akwai riga mai hotona.”

Tanko ya ɗago kai ya dube shi, ya yi maza ya sunkuyar.

“Mu za mu ja, ranka shi daɗe? Da hannunmu?”

“To da wa za shi ja? Ni?”

Injiniya ya yi dariya har tumbi na rawa. Tanko ya yi godiya irin wadda ba a saba ji daga bakin wanda aka kora ba, ya fita da sauri har yana tuntuɓe da dokin ƙofa. Gogan ya bi shi da kallon tausayi. Da ya shiga ciki ya gaya wa Hajiya cewa talaka ba shi da wuyar sha'ani, in dai ya sami mai iya yi masa bayani.

Ranar da aka sa, bakin kududdufi ya ga abin da bai taɓa gani ba. Rumfar haya, kujerun roba, lasifika, mai ɗaukar hoto, har da maroƙi da aka ɗauko ya riƙa tuna wa jama'a ko wane ne Injiniya, ko da wani ya manta tsakanin jawabi da jawabi. Aka turo Gagarau a amalanke lulluɓe da atamfa. Su Tanko suka jeru cikin riguna masu hoton hular kwano. Mai unguwa Malam Nu'uman shi ma ya zo, dattijo mai ƙarancin magana wanda ya daɗe yana raba rigimar gurbi a wurin nan. Shi kuwa Sarkin Ruwan Buta sai da rana ta ɗaga ya fito, farar shadda, farin takalmi, ƙamshin turarensa ya riga shi isowa.

Ya yi jawabin buɗewa. Ya faro daga Annabi Nuhu, ya biyo ta kan tekun da ya gani, ya sauka a kan kansa, inda ya daɗe. Ya ce tarihi zai raba zamanin unguwar nan gida biyu, kafin Gagarau da bayan Gagarau. Ya ce kifayen da ke ƙarƙashin ciyawar nan sun gaji da zaman duhu, shi aka aiko ya fitar da su. Shinkafa ta huce a kula, wani tsoho ya yi barci ya farka ya tarar ana nan inda aka bar shi.

Da aka yaye atamfa sai wata 'yar matsala ta taso. A zanen Injiniya, wurga Gagarau za a yi kamar yadda ake wurga ƙananan. Ƙarti suka kama, suka yi lilo da ita, suka sake ta, ta faɗi tim a gabansu, saura ƙiris ta tafi da yatsun wani. Injiniya ya ce wannan gwaji ne, kuma ya yi nasara. Tanko ya ɗaura bakin igiya a ƙugu, ya kutsa cikin kainuwa ya haye can ƙetare, ta yadda za a zura ta a wannan gaɓa a jawo ta daga waccan. Injiniya ya sanar ta lasifika cewa dama haka ya tsara.

Jama'a suka zagaya can ƙetaren, shi ma aka zagayo da shi ana riƙe masa lema. Kafin a fara ja, mai unguwa ya taso, ya ɗauki bakin igiyar nan jiƙe sharkaf da taɓo, ya miƙa masa.

“Alhaji, bisimilla. Ka dai san ƙa'idar wurin ga, gurbi na hannun da ya ja ne. Kama ko sau guda ne, a shaida.”

Ba da raɗa ya faɗa ba, a bakin lasifika ya faɗa, har matan da ke leƙe ta katanga sun ji. Tanko ya ƙura wa hannun Injiniya ido. Domin in mai manjagara ya kama igiya da hannunsa, duk wanda ya kama a bayansa ɗan taya aiki ne kawai, ba shi da ko ƙaya. Yatsa biyu mutumin nan zai miƙa, kududdufin ya zama nasa, miyar gidan Tanko ta koma lami har baɗi.

Injiniya ya dubi igiyar. Ya dubi shaddarsa. Ya dubi mai ɗaukar hoto, wanda ya riga ya saita. Sai ya maida hannuwansa baya, ya matso bakin lasifika.

“Mai unguwa, Allah shi ba ka nasara, da girmanka da komi. Wannan ƙa'idar mutanen da ce, lokacin da ba a san injiniya ba. In an ce sarki ya gina ganuwa, shi ya kwaɓa ƙasa? In an ce na gina bene, ni na ɗauki bulo? Akwai kai, akwai hannu. Allah da ya tashi halitta, bisa ya aza kai, hannu ya bar shi yana reto. Ni kai ne. Waɗanga hannuwa ne. Manjagara tawa, igiya tawa, shinkafar da za su ci tawa. In na kama igiyar ga yau, gobe hoto shi zagaye gari a ce Injiniya ya koma lebura. Kowa shi shaida, ban taɓa ba, ba ni kuma taɓawa. Ku ja!”

Maroƙi ya rantse ba a taɓa magana irin wannan ba tun da aka kafa garin. Mai unguwa ya ce, “To, madalla,” ya ajiye igiyar, ya goge hannu, ya koma ya zauna. An ce girman kai rawanin tsiya, amma ranar nan rawanin ya zauna wa mai shi daram, har tafi aka yi masa.

Su Tanko kuwa suka ja. Wanda ya san yadda lebura ke yin aikin wani, da ya gan su ya san akwai magana. Ba mai neman inuwa, ba mai zuwa fitsari ya daɗe. Suka ja har igiya na kuka, Gagarau ta fito tana aman kainuwa da bado da gansakuka, aka zazzage, aka ɗora ta a amalanke aka zagaya, aka sake zurawa. A faɗi gaskiya, ƙarfen ya yi aiki. Abin da ƙananan manjagara ba su taɓa kaiwa gare shi ba duk ta tono: tsofaffin tayoyi, leda ta shekara da shekaru, takalma marasa 'yan'uwa, fasassun kwalabe, katifar da ba wanda ya yarda tasa ce, da wani abu mai ƙaho wanda a zamaninsa akuya ne. Injiniya na ƙarƙashin lema yana ba da umarni, “Hagu! Dama! Da ƙarfi!”, alhali igiya hanya ɗaya gare ta. Da ya ga yadda gumi ke zuba sai ya juya ga mai unguwa ya ce wannan shi ake kira iya shugabanci.

Kafin la'asar ta yi sanyi kududdufi ya fito fes, har ana ganin gajimare a ciki, tarwaɗa na juyi a sarari. A gaɓa kuwa ciyawa ta yi tsauni, ta fara bayyana halinta ga hanci. Injiniya ya gyara hula, ya matso don karɓar mulki.

Mai unguwa ya miƙe ya ce a nuna hannu. Su Tanko suka jeru suka buɗe tafukansu, duk sun yi ja, igiya ta saɓule fatar wasu, wasu sun yi kanta sun fashe. Wanda duk aka duba, sai a nuna masa yankinsa ya kafa kara. Da farko Injiniya ya ɗauka wani sashe ne na bikin, har ya tafa wa mutum biyu. Sai ya ga karare na ta zagaye ruwa, sun bi ta gefen juji, sun biyo ta gindin katangarsa, sun zo sun haɗe a daidai ƙarƙashin barandarsa, inda Tanko ya kafa nasa.

“Mai unguwa, ina nawa?”

“Mu ga hannun, Alhaji.”

Ya miƙa. Jama'a suka matso. Kai, a yaba wa gwani! Hannu ne sumul kamar na jariri, ga zoben azurfa, ga ƙamshi, ko ɗigon taɓo babu. Duk wanda ke wurin ya shaida cewa ba a taɓa kawo hannu mai tsabta irin wannan bakin kududdufin nan ba. Mai unguwa ya duba gaba, ya duba baya, ya mayar masa da abinsa cikin ladabi.

Nan fa aka ji jawabin da ba a shirya ba. Ya ce zalunci ne, ya ce hassada ce, ya ce makircin maƙiya ci gaba ne. Ya ce zai kai ƙara inda ko sunan wurin ba su iya faɗa. Ya nemi shaidu, sai ya tuna da bakinsa ya tara su, ta lasifikar da shi ya yi haya. Baki shi ke yanka wuya, nasa kuwa har wasa wuƙar ya yi a gaban jama'a. Ya waiwaya neman maroƙi, ashe maroƙi ya koma wajen kular shinkafa. Da ya ga ruwa ya ƙare wa ɗan kada, sai ya nuna Gagarau da yatsa.

“To manjagarata fa? A banza ta yi aiki?”

“Af, wa ya isa?” in ji mai unguwa. “Mai manjagara ai yana da haƙƙinshi, ba a taɓa danne shi ba a wurin ga.”

Tumbi ya dawo gaba, ƙeya ta koma baya. Injiniya ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya, don kowa ya ga yadda gaskiya ke yin halinta.

Mai unguwa ya ci gaba: “Duk abin da haƙoranta suka fiddo, nashi ne. Haka masu lambu ke ba da aron tasu, su kwashi ciyawa su yi taki. Kuma ba a barinta ta kwana bakin ruwa, sai an kai ma mai ita har gida.”

Su Tanko mutanen kirki ne, ba su cin haƙƙin kowa. Duk da gajiyar da suka sha, suka kawo baro da amalanke suka shiga jigila. Gidan ba nisa. Suka jibge kainuwa a ƙofar zaure, suka ɗora bado, suka kawo tayoyi da katifa, ba su manta da akuyar ba. Tsaunin ya toshe ƙofar gareji da mota a ciki, ya bar wata 'yar hanya da sai mutum ya bi ta a karkace, abin da tumbin Injiniya bai saba ba. Gagarau suka jingine ta a sama. Da suka gama, Tanko ya durƙusa ya ce, “Ranka shi daɗe, a aika a duba ko mun bar saura.”

Kainuwa a cikin ruwa ado ce, a tudu kuwa ba ta da mutunci. Rana ta dake ta, ta narke, ta fara tsiyayar wani baƙin ruwa da ya bi ta ƙarƙashin ƙofa ya shiga zaure. Ƙudaje suka yi sallama, sauro ya tare da iyalansa. Masu wucewa suka koma bin ɗaya layin. Hajiya Iklima ta ɗaure kayanta ta tafi ganin gida Ƙofar Durbi, ta ce a aiko mata ranar da aka ga ƙofa.

Ya aika wa masu lambu su zo su kwashi taki kyauta. Suka zo, suka tona da sanda, suka ga leda da kwalba sun fi ciyawar yawa, suka yi godiya suka tafi. Ya nemi leburori. Na unguwa duk suna bakin ruwa, kowa gaban karansa, ba mai lokacin tashi, don kifi bai taɓa ci irin na bana ba. Waɗanda aka kirawo daga nesa kuwa, da iska ta kaɗo sai kowa ya tuna yana da suna a ƙauye. Gagarau, wadda Turawa za su aiko a auna, tana bisa tsauni tana ƙyalli, mutum ɗaya ko motsa ta bai iya yi.

Wata safiya da hantsi, mai unguwa ya biyo ta layin, ya toshe hanci da gefen rawani. Sai ya hangi wani mutum a ƙofar gidan Injiniya, daga shi sai singileti da wando a naɗe har gwiwa, ya rungumo ruɓaɓɓiyar ciyawa yana ja da baya yana haki. Har ya buɗe baki zai tambaye shi ko mai gidan na ciki, sai ya ga tumbin.

Ya tsaya ya yi gaisuwa cikakkiya, tun daga kwana har gajiya. A karo na farko a tarihin unguwar, aka amsa masa da baki. Ya dubi 'yar hanyar da aka buɗe daga zaure zuwa kwata, ya jinjina kai.

“Mu ga hannun, Alhaji.”

Injiniya ya miƙa, don ba shi da sauran ƙarfin jawabi. Tafin ya yi ja, ya kumbura, kwalba ta yanke shi wuri biyu, taɓo ya cike zoben.

“To, yanzu ka cika ƙa'ida,” in ji mai unguwa. “Daga bakin zauren ga zuwa kwata gurbinka ne. Samo kara ka kafa, ni ne shaida, ba mai taɓa maka shi.”

Ba a kuwa taɓa masa ba. Kifi dai babu a ciki, amma sauro kam Allah ya sa albarka.